Kwamfaresar Bakin Rijiya: Injin da Ke Tsakanin Wutar Neja Delta da Bututun Kano

A ranar 30 ga Yuni, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano, ta Abuja da Kaduna. Tsawonsa kilomita 614 ne, faɗin bakinsa inci 40. Tun daga ranar, duk zancen da ake yi a Arewa a kan bututun yake: ina aka kai, yaushe za a gama, wace masaƙa ce za ta farfaɗo a Kakuri, wace masana'anta ce za ta sake buɗe ƙofa a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Da wuya ka ji an tambayi abin da zai turo gas ɗin cikinsa. Alhali bututu hanya ce kawai. Gas ba ya motsi sai daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, kuma wani babban kaso na gas ɗin Najeriya yana fitowa ne da matsin da ba zai iya shiga kowane babban bututu ba.

Alƙaluman hukumar NUPRC, mai kula da haƙar mai da gas, sun nuna cewa ƙasar tana da gas fiye da kubik fit tiriliyan 200 a ƙarƙashin ƙasa. Kusan rabinsa irin wanda ke fitowa tare da ɗanyen mai ne. Idan man ya iso tashar tattarawa, akan sassauta masa matsi a cikin manyan tankuna domin gas ya rabu da shi, kuma a wajen wannan sassautawar ne gas ɗin ke rasa ƙarfinsa. Daga nan hanya biyu ta rage: ko dai a sa masa injin da zai sake matse shi har ya iya shiga bututu, ko a tura shi dogon bututun nan mai harshen wuta a ka, a ƙone. Tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956 aka fara fitar da shi a 1958, hanya ta biyu ce ta fi sauƙi ga kamfanoni. An yi doka a 1979 wadda ta ce a daina ƙonawa daga 1 ga Janairu, 1984. An wuce wannan wa'adi da fiye da shekara arba'in, amma har yanzu Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a lissafin Bankin Duniya, kuma mutanen Delta da Ribas da Bayelsa su ne ke kwana da hasken wutar da zafinta da baƙin hayaƙinta.

Akwai laifin siyasa a ciki, akwai na kuɗi, akwai na masu fasa bututu. Amma akwai wani ɓangare da ba ya shiga jarida, wanda ya shafi lissafin injiniya zalla. Tasha tana iya samun kwamfaresa sabuwa fil, amma wutar ba ta mutu ba, domin injin da aka sayo bai dace da rijiyoyin da aka kawo shi ya yi wa aiki ba.

Lissafin da ake fara yi

Kowa ya san kwamfaresar mai faci. Tana zuƙar iskar waje, ta cusa ta cikin tanki, mai facin ya hura wa tayar ƙaramar mota psi 32 ko kusa da haka, kuma idan ta jima tana aiki ba ka iya ɗora hannu a kan silindarta saboda zafi. Ta bakin rijiya haka take, sai dai abin da take zuƙa yana kama wuta, kuma manyan bututun gas suna aiki ne a wajen psi 1,000.

Abu na farko da injiniya ke nema shi ne ninki nawa za a yi wa matsin: na fita a raba da na shiga. A nan ma akwai tarko. Gejin da ke jikin bututu yana nuna sifili ne a daidai matsin iskar da muke shaƙa, wanda ya kai psi 14.7 a gaɓar teku, don haka dole a ƙara wannan adadi a kan kowane karatu kafin a raba. A ce gas yana shiga da psi 50 a geji, ana son ya fita da 1,000. Mai gaggawa zai ce ninki 20 ne. Amsar gaskiya ita ce 1,014.7 a raba da 64.7, wato ninki 15.7. Idan kuwa gas ɗin da ake son kamawa daga layin wuta yake, inda geji ke nuna psi 5, aka so a kai shi 100, mai gaggawa zai sake cewa 20, alhali bai kai ninki 6 ba. Kuskuren ya fi muni a ƙananan matsi, kuma a nan ne duk aikin kashe wutar Neja Delta yake.

Ba a yin ninki 15.7 a bugu ɗaya, saboda zafi. Gas ɗin da ya shiga da digiri 35 a ma'aunin Salsiyas, aka matse shi haka kai tsaye, zai fito da zafin da ya doshi digiri 280. Man da ke shafa silinda zai ƙone, ringi da bawul su lalace cikin ɗan lokaci. Ƙa'idar API 618, wadda cibiyar man fetur ta Amurka ta tsara wa injin mai fistin, ta tsayar da iyaka a wajen digiri 150. Saboda haka ake raba aikin mataki-mataki, a sanyaya gas ɗin a cikin lagireto mai babbar farfela bayan kowane mataki. Da mataki biyu, kowanne zai ɗauki ninki kusan 4, kuma idan gas ya baro lagireto da digiri 50, zai fito daga mataki na biyu da kusan 160. Ya haura iyaka. Da mataki uku, kowanne ninki 2.5 ne, zafin ya tsaya wajen digiri 120. Injin mataki uku ya fi tsada, ya fi yawan silinda da bawul, amma shi ne zai rayu.

Sai ƙarfin injin da zai juya shi. Littafin GPSA, wanda masu sarrafa gas ke ajiyewa a teburinsu, ya ba da wata gajeriyar hanya ta ƙiyasin farko: a ninka 22 da ninkin kowane mataki, da yawan matakai, da miliyoyin kubik fit da za a matse a rana, sannan a ƙara kashi 10 cikin ɗari idan matakan uku ne. Ga tashar da ke ba da kubik fit miliyan 5 a rana, lissafin ya ba da ƙarfin doki kusan 900. Ƙiyasi ne na bakin alƙalami, kuma injuna masu gudu da sauri sukan nemi fiye da haka. Kamfanonin da ke ƙera su suna da manhajar kwamfuta da ke fitar da cikakkiyar amsa. Sai dai manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta.

Rijiya tana tsufa

Wannan shi ne wurin da ya kamata a fi tsayawa, domin a nan mafi yawan kuɗi ke zubewa. Alƙaluman da aka auna ranar da aka gwada rijiya na wannan ranar ne. Duk gangar mai da duk kubik fit na gas da aka ciro suna rage matsin da ke ƙarƙashin ƙasa. Bayan wasu shekaru ruwa yakan ƙaru a cikin abin da rijiyar ke fitarwa, yawan gas ya sauya, kuma domin a ci gaba da samun mai sai an sassauta matsin da ke bakinta.

A koma ga tasharmu. A ce matsin shiga ya sauko daga psi 50 zuwa 20. A ido ragin 30 ne kawai a layin da ke kai 1,000, abin da ba zai ɗaga hankalin mai sa hannu a takarda ba. Amma ninkin ya tashi daga 15.7 zuwa 29, ƙarfin dokin da ake buƙata ya tashi daga 900 zuwa fiye da 1,100. Mafi muni kuma, silinda tana haɗiyar gas ne gwargwadon girman cikinta, kuma gas mai ƙarancin matsi ya fi bajewa. Silindar da a da ke ɗaukar miliyan 5 a rana yanzu ba za ta wuce miliyan 2.7 ba. Ragowar ba shi da wurin zuwa sai wuta. Injin yana nan yana ruri, babu abin da ya karye, ma'aikata suna cike takardar aiki kowace safiya, kuma kusan rabin gas ɗin yana ƙonewa a bayansu.

Mai tsoron wannan sai ya ce a sayi babba tun farko. Shi ma yana da nasa ciwon, kuma yadda girman ke shigowa abin lura ne. Mai lissafin ƙarƙashin ƙasa ya ƙara kashi 10 cikin ɗari don kare kansa, mai zana tasha ya ƙara nasa 10, mai sayayya ya ƙara wani 10 da ya ga babu daidai girman a kasuwa. Babu wanda ya yi ganganci, amma injin da ya iso ya fi buƙata da kashi ɗaya cikin uku. Idan gas bai ishe shi ba, sai a buɗe bawul ɗin da ke mayar da wanda aka riga aka matse zuwa bakin shiga, domin kada injin ya zuƙi wofi. Wato ana ƙona mai ana matse gas ɗaya sau biyu. Injin da ke juya shi kuma, idan ya daɗe yana aiki ƙasa da nauyin da aka yi shi domin sa, fulogi da bawul sukan tara dauɗa, sabis ya yawaita. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya dace shi ne a zauna da mai lissafin ƙarƙashin ƙasa a zana yadda matsi da yawan gas za su kasance a shekara ta farko, ta biyar, ta goma, sannan a gwada injin a kan kowane hali, har da mafi munin da ake tsammani. Injin mai fistin yana da hanyoyin bin rijiya yayin da take sauyawa. Ana iya rage masa gudu. Akwai aljihu a kan silinda da ake buɗewa ko rufewa domin rage ko ƙara abin da take haɗiya. Ana iya dakatar da aikin gefe ɗaya na fistin, ana kuma iya sauya silindar gaba ɗaya da mai faɗi idan an zaɓi gangar jiki da injin da za su iya ɗauka. Sai dai kowane sauyi yana taɓa nauyin da ke kan sandar fistin, wadda ke da iyakar abin da za ta jure wajen turawa da wajen ja, kuma dole nauyin ya riƙa juyawa daga wannan gefe zuwa wancan a kowane zagaye domin mai ya samu shiga fil ɗin da ke riƙe da ita. Idan bai juya ba, fil ɗin yakan bushe ya ƙone.

A ganina, ga tashar da ke da rijiyoyi masu sauyawa, injuna uku da kowanne ke ɗaukar rabin aikin sun fi guda ɗaya ƙato. Biyu suna aiki, ɗaya yana hutu ko sabis. Idan gas ya ragu a kashe ɗaya, idan filin ya mutu a ɗauke su a kai wani. Kuɗin farko ya fi yawa, amma ranar da guda ɗayan nan ya tsaya, komai ya tsaya. A filayen da ake mayar da gas cikin rijiya domin ya sauƙaƙa nauyin mai ya taso da shi, tsayawar kwamfaresa tana nufin tsayawar man kansa.

Wane iri?

Mai fistin shi ne dokin aikin filayen mai na tudu. Yana jure babban ninki, yana kai matsi dubbai, kuma sauyin nauyin gas bai cika damunsa ba. Sunan da aka fi gani a jikinsa shi ne Ariel, kamfanin da aka kafa a 1966 a garin Mount Vernon na jihar Ohayo, sai Dresser-Rand wanda Siemens ta saya a 2015. Aibinsa yawan sassa masu motsi, da girgiza. Kowane bugun fistin yana aika motsi cikin bututu, idan kuma motsin ya yi daidai da yadda bututun ke karkarwa, walda takan tsage. Shi ya sa ake yin nazarin girgiza kafin a haɗa shi, aikin da masu son rage kuɗi suka fi saurin tsallakewa.

Mai sukuru yana da ƙarafa biyu masu murɗaɗɗun haƙora da ke juyawa cikin juna, ana fesa musu mai wanda ke toshe kafofi ya kuma kwashe zafi. Saboda wannan man yana iya yin babban ninki a mataki ɗaya, kuma yana zuƙa daga matsin da ya kusa sifili a geji. Iyakarsa a wajen fita take, yawanci psi 300 zuwa 350. Ga gas ɗin layin wuta da tururin da ke tashi daga tankunan ajiya, shi ne ya fi dacewa ya fara ɗagawa, ya miƙa wa mai fistin ya ƙarasa.

Mai farfela kuwa na manyan wurare ne: tashoshin bututu, dandamalin cikin teku, da masana'antar NLNG ta Bonny da ta fara fitar da gas a 1999. Yana haɗiyar gas mai yawa, yana daɗewa bai tsaya ba, amma yana son abin da ke shigo masa ya zauna daram. Idan gas ya ragu ƙasa da wata iyaka, sai ya riƙa komowa baya yana dukan farfelar, abin da kan iya lalata ta cikin daƙiƙoƙi. Ƙaramar tasha mai rijiyoyi masu tsufa ba wurinsa ba ne.

Kafin a zaɓi ko wanne, sai an kai samfurin gas ɗin ɗakin gwaji, kuma samfurin da aka ɗiba daga wannan tashar, a wannan matsin. Gas ɗin Neja Delta yawanci ba shi da sinadarin kibiritu mai yawa, wanda a wasu ƙasashe ke tilasta amfani da ƙarfe na musamman. Amma wanda ke fitowa tare da mai yana ɗauke da sassa masu nauyi, irin su furofen da buten na tukunyar girki, da kuma tururin ruwa. Idan aka matse shi aka sanyaya, waɗannan sukan koma ruwa-ruwa. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ɗan kaɗan ya shiga silinda ya isa ya farfasa bawul, mai yawa ya lanƙwasa sandar fistin. Saboda haka kowane mataki yake da tankin tacewa a gabansa, da na'urar da ke kashe injin idan ruwa ya taru. Layin da ya ratso fadama yana hawa da sauka yakan tara ruwa a kwarurruka ya turo shi gaba ɗaya, kuma tankin da aka auna da matsakaicin kwarara ba zai iya tare irin wannan ba.

Nauyin gas ɗin yana shafar injin da ke juya kwamfaresar ma. A inda babu lantarkin da za a dogara da shi, injin gas ake sawa, irin Caterpillar ko Waukesha, yana shan kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na abin da ake matsewa. Idan aka ba shi gas mai nauyi ba tare da an tace ba, yakan kama wuta a silinda kafin lokaci, fistin ya riƙa ƙwanƙwasa, dole a rage masa nauyi. Dokin da aka rubuta a jikin injin ba shi ne zai bayar ba.

Wuri da mutane

Ƙarfin da ke cikin kundin kamfani an auna shi ne a yanayi mai sanyi. Injin tabain, alal misali, ana auna shi a digiri 15 a gaɓar teku, kuma duk ƙarin zafi yana rage masa ƙarfi. Lagireto ma ba ya iya sanyaya gas sai zuwa kimanin digiri 10 ko 15 sama da zafin iskar wurin. A Neja Delta abokan gaba su ne laima da gishirin iska da ke cin ƙarfe, da ƙasa mai taushi da ke buƙatar a kafa turaku kafin a ɗora injin mai girgiza, da wuraren da sai jirgin ruwa ke kai kaya. A filin Agadem na jihar Diffa, wanda ke ciyar da matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, da Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe inda aka ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022, matsalar daban ce: zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska da haƙarƙarin lagireto. Injin da aka auna don Warri ba za a ɗauke shi haka nan a dasa a Kolmani ba.

Sai tambayar da ba ta cikin kowace manhaja: wa zai gyara shi, kuma ina kayan gyaran suke? Bawul da ringi da abin toshe sandar fistin kayan ci ne, suna da lokacin sauyawa. Idan na ƙarshen ya gaji, gas yakan riƙa sulalewa ta gefen sanda zuwa sararin sama, shi ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta taɓa sa dokar a sauya shi duk bayan awa 26,000 na aiki ko wata 36. Injin da ya fi araha ranar saye, amma babu mai sayar da kayansa a Fatakwal ko Legas, zai iya shafe watanni a tsaye yana jiran ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba ya fito daga tashar jirgin ruwa. Dokar 2018 ta sa tarar dala 2 a kan kowane kubik fit dubu da aka ƙona, ga kamfanin da ke haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana. A wannan farashin, tasharmu mai miliyan 5 za ta biya dala 10,000 kowace rana da injin ya kwana a kashe, ban da kuɗin gas ɗin da ya tafi.

A Amurka yawancin ƙananan masu rijiya ba sa saye. Haya suke yi daga kamfanoni irin su Archrock da USA Compression, waɗanda ke kawo injin da makanikinsa, su sauya shi da wani idan rijiya ta sauya. Tsarin ya dace da Najeriya ta yau, inda filayen tudu da na fadama ke komawa hannun kamfanonin gida, har Shell ta kammala sayar da kamfaninta na tudu ga Renaissance a 2025, kuma inda NUPRC ta ba kamfanoni 42 damar sayen gas daga wuraren ƙonawa 49 a 2023. Yawancin waɗannan wurare ƙanana ne, matsinsu kaɗan, kwararsu tana hawa da sauka, wato irin wuraren da kuskuren awo ke kashe jari tun kafin a fara cin riba. Ya kamata hukumar ta nemi kowane mai neman izini ya nuna mata gwajin gas na kwanan nan, da lissafin injinsa a kan matsin shekara biyar da goma masu zuwa, da yarjejeniyar kayan gyara, kafin ta sa hannu.

Gwamnonin jihohin da bututun Kano ya ratsa kuma suna da abin yi tun yanzu. Tashoshin gas na mota da ake buɗewa, da masana'antun da ake fatan su dawo, da duk rijiyar da za ta yi aiki a Kolmani, kwamfaresa za su yi amfani da ita, kuma masu iya kwance ta su ɗaure ba su da yawa a Arewa. Cibiyar horar da ma'aikatan man fetur ta PTI tana Effurun kusa da Warri tun farkon shekarun 1970, asusun PTDF kuma yana ba da tallafin karatu a wannan fanni. A tura yara su koyo, a kuma haɗa da ƙwararrun makanikan manyan injuna da ke garejin Kano da Kaduna, waɗanda suka riga suka san fistin da bawul da karanshaf, abin da ya rage musu sanin halin gas da ƙa'idojin tsaronsa ne.